Ungulu Ba Ta Koma Gidan Tsamiya Ba

Kawuna mahauci ne, kuma a wurin sana'arsa na fara ganin ungulu ido da ido. Wajen 1969 ne, ana tsakiyar yaƙin basasa, ina ɗan shekara takwas. Ranar Alhamis da ba a zuwa makarantar allo, Iya takan miƙo mini kwano da sassafe ta ce in je kwata in karɓo mata kayan ciki wurin ƙaninta. Tun kafin ka hango kwatar za ka hango su, sun yi jerin gwano a kan katanga, wasu a kan rufin rumfa, wasu suna shawagi can sama kamar an watsa ƙonanniyar takarda. Waɗanda suka sauko ƙasa kuwa yawo suke yi a tsakanin ƙafafun rundawa ba tsoro ba kunya, kai sanƙo, wuya tsirara ja-ja, ga wata tafiya ta ɗingishi kamar wanda ya taka ƙaya. Idan aka farke tumbi aka zubar da abin ciki, kafin ka ƙifta ido sun rufe wurin.

Na tuna ranar da na ɗauki dutse zan jefi wata da ta matso kusa da kwanona. Kawu ya riƙe mini hannu, nasa hannun duk jini, ya ce, "Kai yaro, bar ta. Duba-gari ce, kuma ba ta karɓar albashi." Gaskiyarsa. Kafin rana ta take, filin nan da aka yanka shanu da awaki ya koma fes, ba ka ganin komai sai ƙasa mai duhu da ƙudaje. Da la'asar sai su tashi su nufi wani ƙaton rimi da ke bayan unguwarmu, wanda gindinsa ya yi fari fat da kashinsu. Wata rana don rashin aikin yi na zauna ina ƙirga su a kan rimin, na wuce hamsin, sai wani ya buga gwangwani suka tashi, lissafin ya ɓace mini. Ban sake gwadawa ba. Wa zai ɓata lokacinsa yana ƙirga ungulu a Kano? Kamar ka ce za ka ƙirga kuturu a bakin masallacin Juma'a ne, ko tsakuwa a kan Dala.

Gidanmu na ƙasa ne, kamar kusan kowane gida a cikin birni a wancan zamani. Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, duk gidan ƙasa da ka gani tsaye, akwai ramin da ya bari a wani wuri. Nan aka haƙo ƙasar tubalinsa, nan ake komawa kowace shekara a ɗebo ta yaɓe. Waɗannan ramuka su ne kududdufai, kuma birnin Kano cike yake da su, kusan kowace unguwa da nata. Da damina ruwan indararo da na lunguna duk can yake gangarawa. Kainuwa ta rufe saman ruwan shar, balbela ta sauka a gefe, zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, kififfiya ta leƙo da kai ta koma. Da dare kuwa kwaɗi ne ke karɓar gari. Wanda bai kwana kusa da kududdufi a watan Agusta ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka.

Kada in yi wa kududdufi kwalliyar da ba tasa ba. A cikinsa na ɗauko tsargiya, na yi wata da watanni ina fitsarin jini ina ɓoyewa. Sauro daga nan yake tasowa. Can ake zubar da shara da mushe, kuma akwai shekarar da ya ci wani yaro sa'ana da muke karatun allo tare, aka tsamo gawarsa washegari. Duk uwar da ta yi murna ranar da aka cike kududdufin unguwarmu, ban ga laifinta ba.

Amma dajin ƙuruciyata na gaske yana bayan ganuwa. Kakana na wajen uba yana da gona a yankin Ɗorayi, kuma da zarar ruwa ya sauka, ni ne ɗan rakiyarsa. Mu fita ta Ƙofar Gadon Ƙaya a kan jaki, shi a baya ni a gaba, mu wuce gefen kwalejin Abdullahi Bayero wadda daga baya ta zama jami'a, daga nan kuma gari ya ƙare. Sai gonaki, sai ɗorawa bayan ɗorawa, ga gawo, ga kanya, ga kuka jefi-jefi, da 'yan ƙauyuka masu dangar kara. Sunan wurin ma ai ya faɗi abin da ke wurin. Haka Kano take da yawan irin waɗannan sunaye: Giginyu, Kurna, Rimin Gata, Durumin Iya, Tsamiyar Boka. Kasuwar Kurmi kanta, da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta ci sunan kurmin da ke bakin rafin Jakara ne. Yau ka shiga Giginyu ka nemi giginya, sai ka gaji da yawo.

Tsohon nan ba ya duba kalanda. Shamuwa yake duba. Idan bazara ta yi zafi, sararin gabas ya fara haɗa gajimare, sai ya riƙa ɗaga kai. Ranar da ya ga sun iso, baƙaƙe masu farin ciki, sun sauka a kan tsamiyar ƙauyen da ke kusa da gonar, sai ya ce da ni, "Abokina, baƙi sun zo, a fito da iri." A kan bishiyar tsakar gidan mutane suke sheƙa, kuma ba yaron da ya isa ya taɓa ƙwansu, duk rashin jinsa. Sai da na girma na san cewa daga kudancin Afirka suke tahowa, suna biyo damina, su yi ƙwai a ƙasarmu su ƙyanƙyashe, kaka ta yi su juya.

A gonar, fakara ce ke tashe mu idan mun kwana. Kurege ya tsaya da ƙafa biyu a kan kunya yana kallonka, gyaɗarka a bakinsa. Bushiya muke kamawa mu jefa a kwanon ruwa don mu ga ta warware, abin da yanzu nake jin kunyarsa. Akwai damo, akwai zomo, akwai hawainiya da muke gudu saboda an ce tofinta kuturta ne, alhali baiwar Allah ba ta da abin cutar da kowa. Yanyawa tana da ramuka a wani tudun yashi, muna ganin sawunta da safe. Kura dai ban taɓa ganinta a sake ba, sai a hannun gardawa da takunkumi, amma na ji kukanta sau ɗaya cikin dare, na ƙanƙame tsohon, shi kuwa yana dariya yana cewa a ƙuruciyarsa har juji take zuwa a gindin ganuwa.

Ƙasan gonar akwai 'yar fadama, inda ruwa ke kwanciya wata huɗu ko biyar. Nan ake shuka shinkafa da rake kaɗan. Sau biyu a rayuwata na ga gauraka, kuma duka biyun a wannan fadama ne: mata da miji, dogaye, da tukkun nan nasu mai ruwan zinariya, suna takawa a hankali kamar 'ya'yan sarauta. Ita ce ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya. Yau da wuya ka sami wanda ya gan ta a dajin ƙasar nan. Sai dai a gidajen masu hali, an yanke mata fiffike tana zagaya tsakar gida.

Da rani fadamar takan bushe ta tsattsage. A lokacin ne tsohon ya koya mini haƙar gaiwa. Za ka bi busasshiyar laka kana neman ɗan ƙaramin rami, kamar an soka kara an zare. Nan ne hancinta. Ka sa fartanya ka haƙa a hankali, kamar kamu ɗaya ko biyu, sai ga ta a naɗe, wutsiya a kan fuska, cikin wata 'yar jaka mai kama da busasshen ganye da ta yi da majinar jikinta. Kifi ne, amma da huhu yake numfashi, kuma haka zai zauna ba ci ba sha, yana cin jikinsa, har ruwa ya dawo. Ranar da na fara ɗago ta, na ɗauka matacciya ce. Tsohon ya ɗiga mata ruwan buta, sai ta yi wani gurnani ta motsa, na yar da ita na ruga.

Yadda garin ya cinye wannan duka, ba dare ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya zo da niyyar korar ko da ƙadangare. Ƙidayar 1963 ta ba birnin Kano mutum kusan dubu 300. A 1967 aka ƙirƙiro jiha, Gwamna Audu Baƙo ya zo da gine-ginensa, kuɗin mai suka shigo, aka yi rabon ƙarin albashin Udoji, masana'antu suka cika Bompai da Sharaɗa, daga baya Chalawa. Farin 1973 da na 1984 suka koro mutanen karkara, wanda ya zo cin rani ya ƙi komawa. Kafin ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin sun haura mutum miliyan 2 da dubu 800. Gidan Zoo da aka buɗe a farkon shekarun 1970 a bayan gari yake. Yanzu a tsakiyar gari yake, zakin da ke ciki yana kwana da ƙarar adaidaita sahu. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa, kuma ni ba zan ce wani bai cancanta ba.

Kakana ya rasu a 1983. Aka raba gado, gonar ta tashi kashi goma sha wani abu, kuma a cikin magadan ba mai sha'awar riƙe fartanya. Dillalai suka fara sintiri. Aka kawo igiya aka yi awo, irin awon nan da ake yanka fili ƙanana-ƙanana, a bar lungu wanda mota ɗaya ma sai da dabara. A awon igiya ba a barin wurin bishiya, don inuwa ba ta da farashi. Ɗorawa bakwai ke gonar. Shida masu gidan burodi suka saye a tsaye, suka zo da gatari suka yi kwana uku suna faskare. Ta bakwai ta faɗo a cikin kason mahaifina, wanda ya zama nawa.

Da na waiwaya yanzu, ina iya jera yadda suka tafi, ko da yake a lokacin ban lura ba. Masu son sarari su suka fara ɓacewa, gauraka da yanyawa da zomo, tun gidajen ba su fi a ƙirga ba, domin kare da yaro mai danƙo sun riga bulo isowa. Fakara ta ɗan jure, tana kuka daga kangon da ba a gina ba, har ranar da aka kewaye shi. Bushiya da kunkuru katanga ce ta gama da su. Bushiya dabba ce mai yawon dare daga wannan gona zuwa waccan, sai ta wayi gari ko'ina bango, inda ba bango kuma kwalta, da safe ka ga fatarta a shimfiɗe taya ta bi ta kai. Shamuwa ta zo shekara biyu ko uku tana zagaye inda tsamiyarta take, ta daina. Ko a cikin birni, da aka rushe gidajen ƙasa aka yi na siminti, tsattsewa da mujiya sun rasa kafar da za su shiga. Soron azara yana da ɗaki ga kowa, silin ba shi da shi sai ga ɓera. An dasa darbejiya da yawa, Allah ya saka wa waɗanda suka dasa, amma darbejiya ba ta yin kogo irin na tsohuwar kuka, ba ta yin tsawon rimi.

Ungulu ce ta fi ba ni mamaki, domin ita ba 'yar daji ba ce, 'yar gari ce kamar mu. Abincinta bai ragu ba, yanka ma ƙaruwa ya yi. An sare rimin bayan unguwarmu da ire-irensa, wannan gaskiya ne, kuma tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, a kan doguwar bishiya, ba ta da saurin mayar da gurbi. Amma ba gatari kaɗai ya kore ta ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 na kai wa Kawu ziyara, ya tsufa ya bar wuƙa sai zaman rumfa, ya ba ni labarin wasu baƙi da ke zuwa suna tambayar kan ungulu da ƙwanta, suna sa kuɗin da ya fi na cinyar sa. Wai ana haɗa asiri da su, na neman sa'a da na ganin gaibu, ana kai wa kasuwannin kudu da na ƙetare. Ya ce ya kore su, amma yaran kwata ba duka za su kore su ba. Wata safiya aka tarar da su zube a bayan kwatar, an barbaɗa wa mushen akuya maganin ƙwarin gona, duk an yanke kawunan. "Ɗan nan," in ji shi, "tun da nake ban taɓa ganin abin da ya ci ungulu ba sai mutum." Birni ya tara su wuri ɗaya, ya saba musu da mutane, sannan ya kawo musu kasuwa har gida.

Abin da ke damuna shi ne ba zan iya gaya maka shekarar da na ga ta ƙarshe ba. Na yi ta lalube a kaina, ban samu ba. Ba a yi sallama ba. Abu ne da kake gani kullum, sai ya koma wani lokaci, sai ya koma labari, kai kuma kana can kana neman kuɗin makarantar yara.

Akwai wani Bafaranshe masanin tsuntsaye, Jean-Marc Thiollay, da ya yi abin da na kasa yi a gindin rimi. Tsakanin 1969 da 1973 ya bi hanyoyin mota a Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga duk tsuntsu mai farauta da mai cin mushe da ya gani, yana rubutawa. Bayan shekara talatin ya dawo ya bi hanyoyin nan dai, a irin lokacin, ya sake ƙirgawa. Manyan ungulayen daji sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wajen gandun da ake karewa, ita ma ƙaramar ta gari ta ragu ƙwarai. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa irin ungulun kwatarmu a jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya. Dabarar mutumin nan ba wani sihiri ba ce, littafi ne da biro da haƙuri. Sai ka san nawa ne jiya kafin ka ce sun ragu yau. Mu namu jiyan yana cikin kan tsofaffi, kuma kowane tsoho ma'auninsa ƙuruciyarsa. Ni ina kukan fakara, kakana kura yake ba da labari, shi ma na tabbata nasa kakan wani abin ya gaya masa da ya fi kura.

Ba kowa ne ya yi asara ba, kada a ce na faɗi rabi na bar rabi. Hankaka ya samu gari, shi ne sarkin bola yanzu, har kan turken sadarwa yake sheƙa. Shirwa tana nan tana fauce nama a hannun yara. Kurciya da ƙadangare ba abin da ya dame su, balbela ta koma bin kwatami maimakon bin shanu, ɓera da gafiya kuwa sai hamdala, tunda mujiya da macijin da ke rage su an kashe. Mushen da ungulu ke gamawa kafin azahar yanzu yana kwana uku a bakin titi, karnuka na ja. Kududdufai an cike mafi yawansu da shara an yi kantuna a kai, Jakara an bi ta da siminti ana shimfiɗa titi a samanta, amma ruwan sama bai san an sayar da wurinsa ba. Duk Agusta sai ya zo nema, ya shiga ɗakunan mutane.

Kwanan baya jikanyata, 'yar aji biyar, ta zo da aikin gida na Hausa, an ce su kawo ma'anar karin magana. Ta zauna a gefen tabarmata ta ce, "Angona, mene ne ungulu da kan zabo?" Na fara yi mata bayanin yaudara, ta katse ni. Zabo ta san shi, ana kawo shi da salla. Ungulun ce ba ta gane ba. Na kwatanta, na kwatanta, har da tafiyar ɗingishin, tana ta dariya, daga ƙarshe yayanta ya nemo hoton a waya. Ta duba ta yatsina fuska ta ce, "Wannan mummunar? A ina take?" Na ce da can har kan katangar gidanmu take sauka. Ta dube ni irin duban da ake yi wa tsoho idan ya fara ƙari.

Sai ta tambaye ni inda gonar da nake yawan faɗa take, ko za mu je ranar Asabar. Na ce mata ai a kanta take zaune.

A 1994 na gina gidan nan. Kasona ya faɗo daidai bakin fadamar, shi ya sa sai da na zuba tipa goma sha biyu ta jar ƙasa kafin wurin ya taso. Ɗorawa ta bakwai ni na sa aka sare ta, domin ta tsaya daidai inda mai zane ya sa falo, kuma da kuɗin itacenta na sayi buhun siminti shida. Ranar da ake haƙar harsashi, cikin watan Maris, ina tsaye da lema, sai wani lebura ya yi kira daga cikin ramin. Ya ɗago wani dunƙulen laka a kan shebur, ya fasa shi da hannu. Gaiwa ce, a naɗe cikin jakarta, wutsiya a kan fuska, tana jiran ruwan da ya saba zuwa. Kafin yamma sun tono guda huɗu a layin bangon gabas kaɗai, ban san nawa suka rage a ƙarƙashin inda aka zuba kankare ba.

Ya ce, "Alhaji, kana so, ko mu ɗauka?"

Na ce su ɗauka. Suka haɗa wuta da rassan ɗorawar, suka gasa, har suka miƙo mini, na ci.